DARASI: HUNTURUN ATAKORA DA KUƊIN MAI

'Yan'uwa fatake, dillalai da masu masauki na Zongon Kwatano.

Darasinmu na wannan fitowa a kan abubuwa biyu ne da kan cinye ribar falke tun bai ankara ba, watau shigowar hunturu a ƙasar duwatsu da hawa da saukar kuɗin mai. Mu da muka ba hamsin baya a wannan sana'a mun ga yadda su biyun ke haɗuwa su karya mutum. To, a karanta da natsuwa, a kuma karanta wa yara masu rakiyar mota.

Na farko, hunturu. Mu nan bakin teku sai Disamba ko Janairu muke ganin ɗan hazo, shi ya sa muke shagala. Amma can wajen Natitingu da Tangiyeta, inda duwatsun Atakora suke, tun ƙarshen Nuwamba iska ke juyawa. Duwatsun ba su da tsawo ainun, ƙololuwarsu ba ta kai mita 700 ba, amma ɗarin asuba a can ba wasa ba ne. Ciyawa ta bushe, a sa wa daji wuta, ruwan rafi ya ja baya. Saniyar da ta sha kaka ta yi ƙiba sai ta fara zubewa. Ƙura da sanyi kuma su tayar da tari, mai ciwon huhu a ɓoye ya fito fili. Don haka wanda zai saya a Kolokonde ko Gogunu a farkon hunturu, ya je da sassafe, ya tsaya ya saurari numfashin dabba, ya duba hanci, kada ƙibar kaka ta rufe masa ido.

Na biyu, mai. Kowa ya san yawancin fetur ɗin da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, wanda mutanen gari ke kira kpayo, daga Nijeriya yake shigowa. Saboda haka in Abuja ta yi atishawa, mu ke kamuwa da mura. Mun gani a watan Agusta na 1999... a'a, bari mu faɗi daidai: a Agustan 2019 ne Nijeriya ta rufe iyakokinta, ba a buɗe Seme ba sai Disamban 2020, kuma kwalba ta yi tsada. Mun sake gani ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar kpayo ta tashi daga wajen sefa 450 ta kai 700, wani wuri har 800, ta ma zarce kuɗin gidan mai. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe gadar Malanbil da Gaya, hanyar dabbobin arewa ta ƙuntata. Dattawanmu kuma ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa gida biyu.

Wani zai ce, ai babbar mota gas take sha, ina ruwanta da fetur? Haka ne. Amma babur ɗin da ke kai dillali ruga fa? Da ƙaramar motar da ke kawo harawa da dusa? Da zemijan ɗin da ke ɗaukar nama daga mahauta? Duk fetur ne. Kuma direba in ya ga cefane ya hau, shi ma sai ya ƙara.

Ga lissafi, a misali. Mota ta ɗauko shanu 30, direba ya ƙara jaka 60. Kowane kai ya hau da jaka 2 ke nan, wannan ana iya jurewa. Amma sai falke ya ce bari ya cusa biyar a kai don ya mayar da kuɗinsa. Mu da kanmu mun taɓa yin wannan kuskure wata shekara. Daga Paraku zuwa nan ya fi kilomita 400. Shanun sun fito daga sanyi da yunwa, suka shigo zafin kudu a matse, biyu suka kwanta aka tattake su. Jaka 60 muka guje wa, muka yi asarar bijimai biyu. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Abin da muke ba da shawara shi ne:

1. A yanke kuɗin mota da direba gaban shaidu kafin a yi lodi, a rubuta.

2. A shayar da dabba, a ba ta abinci, ta huta kafin ta hau mota.

3. Kada a ɗora fiye da ƙima, kuma kada a tilasta wa direba gudu cikin hazo.

4. Masu ƙaramin jari su haɗu su ɗauki mota guda, mai masauki ya riƙe lissafi.

5. A sayi harawa da dusa tun kaka, kafin rani da kuɗin mai su ɗaga su.

Iska ta Allah ce, kuɗin mai kuwa a hannun hukuma yake. Namu shi ne lissafi da tausayin dabba, domin amana ce za a tambaye mu. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a kara. Amin.