Daskararren mai da man kanola: wane ya fi wa jiki amfani?

Darasinmu na yau a kan mai iri biyu ne da ake kawowa daga ƙasashen waje. Dukansu daga tsiro ake samun su, amma aikinsu cikin jiki ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne daskararren mai. Fari ne kamar man kaɗe, ana zuba shi cikin gwangwani ko bokiti. Masu yin biskit da kek sun fi aiki da shi. An fara sayar da shi a Amurka cikin shekarar 1911, da sunan Crisco. Asalinsa man angurya ne mai ruwa-ruwa. A masana'anta aka haɗa shi da iskar haidurojin har ya daskare, don ya daɗe bai lalace ba.

Daga baya likitoci suka gane cewa wannan haɗi yana haifar da wani mugun kitse da ake kira tarans. Kitsen nan yana taimakawa wajen toshe hanyoyin jini, ya jawo ciwon zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta nemi ƙasashe su raba abinci da shi. Masana'antu da yawa sun sake hanyar aikinsu, amma ba kowace ƙasa ke sa ido ba.

Ko babu tarans, daskararren mai yana da kitse mai nauyi, irin wanda ya yi yawa cikin man shanu. Wajen kashi 25 ne cikin 100, wani ma ya fi haka. Idan irin wannan kitse ya yi yawa a abincin babban mutum, yana ƙara maiƙo cikin jini.

Na biyu shi ne man kanola. Ana tatsar sa daga ƙwayar wani tsiro mai rawayan fure da Faransawa ke kira kolza. Masana aikin gona na Kanada ne suka gyara irinsa, suka fitar da shi a 1974. Kitse mai nauyi a cikinsa kashi 7 ne kawai cikin 100. Yana kuma da wani maiƙo mai amfani, omega 3, wanda jiki ba ya iya yi da kansa. Ta fannin lafiyar zuciya, kanola ya yi wa daskararren mai nisa. Ta fannin sa ƙiba kuwa, cokalin wannan da na wancan kusan daidai suke.

To, kanola tsiron ƙasar sanyi ne, man nasa kuma da tsada. A ganinmu ba sai mun bi shi ba. Man gujiyarmu yana da kitse mai nauyi wajen kashi 17, man riɗi wajen 14, alhali man kwakwar manja ya kai kusan 50. Matan da ke tuyar ƙuli-ƙuli a Maraɗi da Damagaram, mai na kirki suke fitarwa.

Sai dai a lura a kasuwa. Ba duk man bidon da ake kira man gujiya ba ne na gujiya. Lokacin ɗari, idan ya yi fari-fari ya daskare a gindin kwalba, galibi na kwakwar manja ne da aka tace.

Wannan taka-tsantsan ya fi shafar manya. Yaron da ya kai wata 6 yana bukatar mai don girma. Uwa ta zuba ƙaramin cokali ɗaya na man gujiya cikin kununsa, ta dama sosai kafin ta ba shi.