Darasi: Fitila Mai Kashe Kanta

Babu wanda zai koya muku kunna wuta. Kun san mita mai kati, kun san yadda yunit ke zagwanyewa kafin wata ya raba. Lissafin kawai za mu tuna: ƙwai mai wat 100, in ya yi awa 10 a kunne, ya ci yunit 1. A watan Afrilu na 2024 an kai yunit naira 225 ga masu layin Band A. Ke nan, a wancan farashin, ƙwai ɗaya da aka bari awa 10 kullum a soro, da rana tsaka, yana iya lashe naira 6,750 a wata, ba wanda ya haska wa sai ƙadangaru. Ƙwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci yunit. Ku canza, mu wuce.

Yanzu akwai ƙwai mai sensa. Sensar wani farin ƙoƙo ne ƙarami a jikinsa, wanda ke jin ɗumin jikin mai motsi. Ka shigo, ya kama. Ka fita, ya jira kaɗan ya mutu. Wasu na da maɓalli biyu: ɗaya na tsawon jiran, ɗaya na hana shi kamawa da rana. Wurinsa soro, sito, lungun banɗaki da ƙofar gida. Kada a sa shi inda ake zaman karatu ko lazimi, don wanda ya zauna shiru, a wurin sensa ba ya nan. Mai gyaran wuta ne zai ɗaura, ba yaron maƙwabta ba.

Amma sensa ba ta san dutsen guga ba, ba ta san hita ba. In an ɗauke wuta, tashi ka kashe makunni, ka zare abin da ke soket. A lokacin, ba anjima ba.

Wani maigida ya sa irin wannan ƙwai a tsakar gida da banɗaki. Daren farko akuya ta yi ta kunna shi, uwargida ta yi ta leƙe tana zaton ɓarawo ne. Da asuba aka ji muryar maigida daga banɗaki.

"Wa ya kashe mini wuta?"

"Malam, ai abin naka ne," in ji uwargida. "Ka ce yana da hankali. Ɗaga buta ka kaɗa masa."

Amarya ta toshe baki da zani. Da yamma ta jona guga za ta goge masa babbar riga ta Juma'a, sai aka ɗauke wuta. Ta yi tsaki, ta ajiye dutsen a kan rigar, ta fita tsakar gida shan iska. Hira ta yi daɗi, kowa ya kwanta. Cikin dare aka kawo wuta. Fitilu masu sensa ba su kama ba, tunda ba mai motsi. Dutsen guga kuwa ya kama aikinsa.

Uwargida ce ta fara jin ƙauri.

"Amarya! Me kika ɗora?"

"Wallahi Yaya ban ɗora komai ba."

"To hancina ƙarya yake yi? Buɗe ɗakin nan!"

An tarar dutsen ya huda riga, ya ci tabarma, yana neman katifa. Amarya ta ɗauko bokitin ruwa. Maigida ya riƙe hannunta, ya ruga ya sauke babban makunni na bakin mita tukuna. Ya yi daidai: ba a zuba ruwa a kan abin da ke jone da lantarki. Da hayaƙi ya lafa ya ɗaga rigar yana leƙen uwargida ta cikin hujin. Ta ce, "Sai ka sayo wa gugar ma sensa."

Sun yi dariya domin Allah ya kiyaye. Ni abin ba ya ba ni dariya. A kowace unguwa akwai mai cewa, "Ai ba wuta, me zan kashe?" Ya bar hita a bokitin roba ya tafi kasuwa, ya kulle ɗaki da kwaɗo. Wutar da ta tashi a ɗakinsa, musamman da iskar hunturu, ba ta tsayawa a katangarsa. Wanda ya dawo da lantarki ba zai aiko maka saƙo ba. In an ɗauke wuta, kashe makunni, zare soket. Masu sola, ku ma da ku: fitilar da aka bari a ɗakin da ba kowa, batirin dare take sha.

Aikin gida: ƙirga ƙwayayen gidanku, ka karanta lambar wat da ke jikin kowanne, ka rubuta. Sannan ka rubuta da manyan baƙaƙe AN ƊAUKE WUTA? ZARE GUGA, ka liƙa a saman soket.