Tsofaffin Na'urori: Dukiya Ce, Amma da Guba a Cikinta

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Da wuya ka shiga gida a yau ba ka tarar da matacciyar rediyo, ko wayar hannu da ta fashe, ko tsohuwar kwamfuta tana shan ƙura a ƙarƙashin gado ba. Mu a ganinmu shara ce. Amma ga 'yan gwangwani, waɗanda wasu ke kira 'yan bola jari, wannan ita ce hanyar abincinsu.

To, mene ne a cikin waɗannan na'urori har ake sayensu? Wayoyin da ke ciki na jan ƙarfe ne, kuma shi ya fi kawo kuɗi a sikeli. Akwai baƙin ƙarfe da alminiyom a gangar jikinsu. Sa'an nan a jikin koren allon nan da ke cikin kwamfuta akwai zinariya da azurfa 'yan kaɗan. Kada mai karatu ya yi mamaki. Lambobin yabo wajen 5,000 da aka tanada don wasannin Olamfik da na naƙasassu na Tokyo, waɗanda aka yi a 2021, duk da ƙarfen tsofaffin wayoyi da ƙananan na'urori aka ƙera su. Mutanen Japan ne suka tattaro su daga gidajensu. Amma duk da haka, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da irin wannan shara tan miliyan 62, kuma abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba.

Wanda yake so ya tara waɗannan kaya ba sai ya yi nisa ba. Wuri na farko shi ne gida da maƙwabta. Na biyu, shagunan masu gyaran rediyo da talabijin, da kasuwannin waya irin ta Farm Centre a Kano, inda kayan da suka ƙi gyaruwa suke taruwa. Na uku, makarantu da ofisoshi, domin sukan jibge matattun kwamfutoci a sito shekara da shekaru. Sai dai a nan akwai sharaɗi: kayan hukuma ba a ɗaukarsu sai da izini a rubuce. Haka kuma duk wanda ya kawo maka sabuwar wayar lantarki a yayyanke da araha, ka guje shi, don mai sayen kayan sata shi ma ɓarawo ne. Kafin a sayar da waya ko kwamfuta, a cire layi da ma'adanar bayanai, kada hotuna da asirin gida su faɗa hannun baƙo.

Yanzu kuma sai mu zo ga babbar magana, wato gubar. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma, haka ma batirin mota. Dogon ƙwan fitila yana da zaiba. Batirin wayar hannu kuwa, in aka huda shi, yana iya kamawa da wuta. Mafi muni shi ne ƙona waya don a fid da jan ƙarfe, domin baƙin hayaƙin robar yana lalata huhu, tokar kuma ruwan sama ya kwashe ta zuwa rijiyoyi da gonaki. An daɗe ana irin wannan ƙone-ƙone a Agbogbloshie da ke birnin Accra, inda samari da yawa daga arewacin Ghana suka yi ta shaƙar hayaƙi, har hukuma ta rushe wurin a 2021. Mu ma mun ga aikin dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Gaskiya ne daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma ai dalma ɗaya ce. Yaron da ta shiga jininsa, ko ya rayu, sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗaukar karatu yadda ya kamata.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu tara, mu ware, mu sayar, amma kada mu ƙona. A feɗe waya da wuƙa, a sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Abin da zai gyaru, a kai wa mai gyara, don kwamfuta mai aiki ta fi ƙarfenta daraja. Iyayenmu kuma muna roƙonku da ladabi, kada a bar ƙannenmu suna wasa da tsohon batir, kada kuma a yarda a fasa talabijin a tsakar gida inda ake girki. Neman na kai abu ne mai kyau, amma kada garin neman gira a rasa ido.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya kuma ƙara mana lafiya, amin.