Sanarwar Kash a Manhajar Sa Ido Kan Rumbun Bayanai: Yadda Ake Karanta Ta

Duk mai wayar Android ya san maɓallin goge kash, wanda muke dannawa idan waya ta cika. Rumbun bayanai na manyan kamfanoni shi ma yana da nasa kash, sai dai a can goge shi ɓarna ce, ba gyara ba.

Zan yi misali da PostgreSQL, don shi na fi aiki da shi. Yana ajiye bayanai a faifai cikin shafuka masu girman 8KB. Ɗauko shafi daga faifai akwai jinkiri, shi ya sa duk shafin da ya karanta yake ajiye kwafinsa a RAM, a wurin da ake kira shared_buffers. Idan an sake neman shafin, daga nan zai miƙo shi nan take.

Manhajojin sa ido irin su Zabbix da Datadog suna duba lambobi biyu a pg_stat_database: blks_hit, wato sau nawa aka samu shafi a kash, da blks_read, sau nawa aka fita waje nemo shi. A ce cikin nema 1,000 an samu 990 a kash, ka samu kashi 99 cikin 100 ke nan. Da zarar adadin ya faɗi ƙasa da iyakar da ka sa, sai sanarwa ta shigo wayarka.

To, ba kowace sanarwa ce gobara ba. Idan yanzu aka sake kunna sabar, kash babu komai a ciki, dole adadin ya sauka kafin ya cika. Haka kuma blks_read ba ya nufin lallai an taɓa faifai, domin Linux na da nasa kash, ƙila daga can aka ɗauko shafin.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. A wani wuri da na yi aiki, sanarwa ta tashe ni cikin dare, na ruga na ƙara shared_buffers, na sake kunna sabar, tunda sai da haka canjin yake kamawa. Kash ya wofinta, abu ya ƙara jinkiri. Ashe rahoton ƙarshen wata ne yake karanta babban tebur daga farko har ƙarshe saboda babu fihirisa. EXPLAIN ɗaya da na yi da safe ya tona asirinsa. Barcina ne kawai ya tafi a banza.

Saboda haka ka fara tambaya: masu amfani sun ga jinkiri? Wace tambaya ce ke gudana a lokacin? Sannan ka duba girman kash. PostgreSQL yakan zo da 128MB kacal, kuma takardunsa sun ba da shawarar farawa da kashi 25 cikin 100 na RAM idan sabar ta rumbun ce ita kaɗai.

Wani abu da ke yaudarar sababbi: lambobin nan tarawa suke yi tun ranar da aka share ƙididdiga. Wata uku na lafiya zai iya ɓoye awa ɗaya ta matsala. Ka saita manhajarka ta lissafa bambancin kowane minti 5, kuma kada ta kira ka sai faɗuwar ta ɗore aƙalla minti 15.