Darasi: Inna, Tsumburbura, da Aikin Hannun Mata

'Yan'uwa, a wannan wata za mu yi nazari a kan wani abu da mu ke gani kullum amma ba mu cika yin zancensa cikin ekklesiya ba, watau yadda mata su kan haɗa zane da ƙwarya da wuri da fata su yi kayan girmama wata iska mace. Sai mu fahimci al'amarin tukuna kafin mu yanke masa hukunci.

Tsumburbura a gindin Dala

Dutsen Dala yana cikin ganuwar birnin Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa tun kafin zuwan Bagauda, wajen shekara ta 999, mutanen wurin suna bauta wa Tsumburbura, wadda Kanawa su ke ɗauka aljana ce. Mazauninta wani itace ne da aka kewaye da katanga. Ba mai shiga sai Barbushe. Jama'a su kan kawo baƙin bunsuru da baƙin kare da baƙar kaza, shi kuwa ya shiga ya fito ya gaya musu abin da za ya faru cikin shekara. Sarki Tsamiya ya rushe katangar, daga baya kuma a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka kawo Musulunci fada.

Mu lura da wannan: abin bautar mace ce, amma mai shiga wurinta da mai faɗin maganarta namiji ne.

Inna da masu bori

Iskoki mata ba su ɓace tare da katangar ba. Cikin bori babbarsu ita ce Inna, wadda a ke kira Bafulatana ko Doguwa. Maguzawa su kan yi mata yanka domin albarkar gona. Ana ƙaunarta, ana kuma jin tsoronta, har cutar da ke shanye ƙafar yaro ta sami suna daga wurinta, watau shan-inna. Yau an san ƙwayar cuta ce ke kawo ta, rigakafi kuma ya yi maganinta, amma sunan yana bakinmu.

Wadda aka yi wa girka a kan kira ta goɗiya, gama iska tana hawanta. Kowace iska da nata kaya, waɗanda a ke ce da su tsere. Ga zane mai irin launin da iskar ke so, ga ƙwarya, ga tsakiya da wuri da layu na fata. Ba su sassaƙa mata gunki. Sa'ad da 'yan garaya ko masu kiɗan ƙwarya suka ɗauki kiɗan Inna, aka yafa wa goɗiya kayanta, sai jikin matar da kayan nan gaba ɗaya su zama surar iskar a idon masu kallo. Aikin gwaninta ne, mun yarda.

Me ya sa mata su ke zuwa? Wadda ba ta haihu ba, da wadda 'ya'yanta ke mutuwa, da wadda aurenta ya mutu, da wadda ciwo ya ƙi jin magani, a can su kan sami wanda za ya zauna ya ji kukansu. A can mace ta kan zama shugaba, a kira ta Magajiya ko Iya. A Gobir sarautar Inna babba ce, ita ce kuwa ke bisa masu bori. Nana Asma'u 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo (1793 zuwa 1864) ta gane wannan sarai. Ba ta tsaya ga tsawata wa mata kaɗai ba, sai ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajoji mata su bi ƙauyuka suna koyarwa, ta ɗora musu malfa alamar girma.

A ƙasashen Turawa

Marmarin nan ba na Hausawa kaɗai ba ne. Tun wajen 1970 waɗansu mata masu neman haƙƙin mata a Amurka da Ingila suka ce addinin da suka gada ya maishe su baya, suka koma neman allahiya mace. Wata mai zane, Judy Chicago, ta yi aiki daga 1974 zuwa 1979 tare da ɗaruruwan mataimaka, suka gina babban tebur mai kusurwa uku. Suka shirya wa mata 39 wurin cin abinci, kowace da farantinta na yumɓu da ƙyalle mai ado na allura, a daɓen kuma suka rubuta sunayen mata 999. Wuraren farko na alloli mata ne, har da Ishtar ta Babila da Kali ta Indiya. Aikin yana gidan ajiyar kayan tarihi na Brooklyn tun 2007. Da gangan ta zaɓi ɗinki da adon faranti, aikin da a ke renawa don na mata ne.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Cikin Irmiya sura 44 matan Yahuda da ke Masar sun yi ta toya waina mai surar sarauniyar sama. Suka amsa wa annabi cewa tun da suka bar wannan sai wahala su ke sha. Wahalarsu gaskiya ce, amma wurin da suka kai ta ba shi da ceto, annabi kuwa bai ɓoye musu ba. Cikin Ayyukan Manzanni sura 19 dukan Afisa tana ta da murya saboda Artimas, amma masu cin ribarta su ne Dimitiriyas maƙerin azurfa da abokan sana'arsa. Kamar a Dala ke nan. Ɗaukaka allahiya mace ba shi ne ɗaukaka mace ba.

Amma Littafin bai rena hannun mace ba. Fitowa sura 35 ta yabi mata masu hikima da suka kaɗa zare shuɗi da ja domin alfarwa ta sujada. Da Dokas ta mutu a Yafa, riguna da ta ɗinka ne gwauraye mata suka nuna wa Bitrus. Farawa ta koya mana mace da namiji duka cikin surar Allah aka halicce su, Ishaya kuma ya kwatanta ta'aziyyar Ubangiji da ta uwa ga ɗanta.

Abin da ya rage gare mu

Sa'ad da 'yar bori ta tuba mu kan yi saurin cewa ta ƙone tserenta. To, me mu ka ba ta a madadinsa? A can tana da suna, da aiki, da 'yan'uwa masu kwana a kanta in ta yi ciwo. In ta zo wurinmu ta tarar da benci na baya kaɗai, ranar da ɗanta ya kwanta za ta tuna da hanyar da ta sani. Zumuntar Mata ta riga ta nuna mana hanya da ziyarar marasa lafiya da waƙa da kiɗa. Sai dattawa su ba su wuri, su kuma nemi shawararsu.

Tambayoyi

1. Wa ke shiga wurin Tsumburbura, me wannan ya koya mana?
2. Waɗanne bukatu ne ke kai mace gidan bori?
3. Wace mace ce cikin ekklesiyarmu ba ta haihu ba, ko aurenta ya mutu? Wa ya gaishe ta a wannan wata?
4. Wane aikin hannun mata ne za mu iya karɓa domin hidimar Ubangiji?