Darasin Rani: Adon Bango Daga Busasshen Itace

'Yan'uwa manoma, in an gama kaka, samarinmu da yawa sukan tafi cin rani don babu aikin yi. Alhali busasshen itacen da muke sa wa wuta yana iya kawo mana kuɗi, in mun mai da shi adon bango.

Ga yadda za mu yi:

1. Mu tsinto reshen da ya faɗi da kansa. Aduwa tana da haske, da ita ake sassaƙa allo. Zuciyar bagaruwa ja ce, ƙirya kuwa tana da tauri ƙwarai.

2. Mu ɓare ɓawon. Wanda gara ta ci, a kai shi murhu.

3. Mu yanka shi fale-fale da zarto, mu goge da samfefa.

4. Mu zana da ƙarfe mai zafi, kamar yadda ake yi wa ƙwarya.

5. Mu jera su bisa katako, mu kafa da ƙananan ƙusoshi, mu shafa man kaɗanya kaɗan.

Amma ga gargaɗi: kada mu sare ɗanyen itace domin wannan aiki. Bayan farin 1973 da na 1984 mun ga yadda iska take kwashe ƙasar gonar da ba itatuwa. Kuɗin ado na kwana kaɗan ne, gawo kuwa yana taki gona shekara da shekaru.

Tambaya domin taronmu: Wace doka ƙungiyarmu za ta kafa game da tsintar itace?