Sāke Fasalin Mota: Dokoki da Hattara

Ya kai mai karatu, in ka tsaya bakin hanyar da ta tashi daga Samaru ta bi ta Kwangila zuwa Sabon Gari, za ka ga motoci da yawa waɗanda ba haka maƙeransu suka ƙera su ba. Wata an ƙara mata kujeru, wata an ɗaura mata ragar ƙarfe bisa rufi, wata kuwa an juya ta ta koma shan gas. Sāke fasalin mota ba laifi ba ne, amma yana da ƙa'ida. Ga abubuwa biyar da ya kamata ka riƙe.

1. Nauyi. Kowace mota akwai iyakar nauyin da aka yi ta dominsa. A kan wannan awo aka yi birkinta da tayoyinta. Jaki in kaya sun fi ƙarfinsa sai ya durƙushe, ka rage masa. Mota ba ta yin haka. Sai ta yi shiru, har ran da ka taka birki a gangara ta ƙi tsayawa. Ko bakanike ya ƙara mata sifirin, bai ƙara ƙarfin birki ba. Kaya bisa rufi kuma su ke sa mota ta kife a kwana, gama nauyi ya koma sama.

2. Kujeru. In za a sa kujera, a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe mai kauri. Bencin da aka ɗiga wa walda sama-sama, in an yi karo, tsinkewa ya ke yi, ya tafi gaba da mutanen da ke kansa.

3. Sitiyari. Ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu, ta koma dama. Saboda haka sitiyari na hagu shi ne daidai da hanyoyinmu. In an kawo maka mota wadda aka juya sitiyarinta, sa gwani ya duba. In an yanke sandar sitiyarin an haɗa da walda, kada ka saya, ko da kuɗinta kaɗan ne. Araha ba ta ado.

4. Gas. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, mutane suka yi ta juya motocinsu zuwa gas irin na mota. To, ka lura ƙwarai. Matsin gas ɗin nan cikin tukunyarsa ya ninka na iskar tayar ƙaramar mota wajen sau 100. Tukunyar gas ta girki ba ta iya ɗaukarsa, haka kuma wadda mai walda ya haɗa. A 2024 wata tukunya ƙirar hannu ta fashe a gidan sayar da gas a birnin Benin, mutane suka ji rauni. Kai ba ka da uzuri, gama a nan Zariya, kan hanyar Basawa, akwai Makarantar Koyon Fasahar Sufuri ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986, ana kuwa yin wannan aiki a can. Je ka inda hukuma ta yarda da shi, ka karɓi takardar shaida.

5. Takardu. In ka sāke launin mota ko injinta, sai ka sanad da ofishin lasin, a gyara takardunka. In ba haka ba, abin da ke rubuce zai saɓa da abin da ido ya gani, a tsare ka kamar ɓarawo alhali motarka ce. Baƙin gilashi kuwa, dokar 1991 ta hana shi sai da izinin 'yan sanda. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon tsai da motar da ba ta da lafiya.

Wani zai ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma wanda ya ɗauki 'ya'yan mutane cikin motarsa amana ya ɗauka, za a kuwa tambaye shi. Allah ya kiyashe mu.

Tambayoyi

1. Don me ƙarin sifirin ba ya halatta ƙarin kaya?
2. Me ya sa ba a sa wa mota tukunyar gas ta girki?
3. In ka sāke launin motarka, ina za ka?